Baba Hedimasta, Kakanmu na Sabon Tasha

Baba Tsoho ya rasu da safiyar wata Talata a cikin damina, a ɗakinsa, bayan ya sha kunu. Kafin mu gama kiran 'yan uwa a waya, labari ya riga ya zaga Sabon Tasha.

Wanda ya fara shigowa ba ɗan uwa ba ne. Makaniken bakin titinmu ne, wani ɗan ƙabilar Ibo da ya daɗe a unguwar, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama don kada ya ɓata mana kujera, ya ce an gaya masa a gareji amma yana so ya ji daga bakin 'yan gida. Mahaifiyata ta gyaɗa masa kai. Ya koma ya rufe garejin, ya dawo da benci a kafaɗa, ya ajiye a tsakar gida. A kan bencin nan baƙin farko suka zauna.

Kafin tsakar rana matan zumunta na cocinmu sun ɗora tukwane a bayan gida, suna tsince shinkafa suna waƙa ƙasa-ƙasa. Sai tsofaffin ɗalibansa suka fara isowa daga Narayi da Mahuta da Kakuri, mutane masu furfura, wasu har da sanda. Da fuskar makoki suka shigo, amma ba a jima ba suka shiga gardama a kan wanda ya fi shan bulala a hannunsa. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya rantse shi ne. Wata mai sayar da tumatir a kasuwa ta ce ƙarya yake yi, ita ce, kuma ba don bulalar nan ba da yau sai an karanta mata Littafi Mai Tsarki. Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, aka kama ta aka zaunar.

Ba kowa ne ya zo da yabo zalla ba. Wani dattijon ikkilisiya, sa'ansa, ya gaishe mu, ya zauna, ya dubi mahaifina ya ce, “Tsohonka mutumin kirki ne, amma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.” Mahaifina ya ce ai shi ya fi kowa sani. Da yamma wasu Gbagyi suka iso da doya cike da bayan a-kori-kura, suka sauke ba tare da sun tambayi kowa ba. A bayansu wani Alhaji ya zo daga ƙetaren kogi, daga Tudun Wada, ya zauna a cikin maza, kansa a sunkuye, har fasto ya gama addu'a. Yaran gidan suka yi ta ja mini zane suna tambaya su wane ne waɗannan, me ya haɗa su da Baba Tsoho. A nan na gane cewa 'ya'yanmu tsoho mai gyangyaɗi a kujera kawai suka sani, ba su san mutumin ba. Ni ce jikarsa ta fari. Iyayena suna Narayi a lokacin, amma makarantata ta fi kusa da gidansa, don haka a hannunsa na yi yawancin ƙuruciyata. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kafin ni ma in fara mantuwa.

A gida Baba Tsoho muke ce masa, a waje kuwa Baba Hedimasta, har bayan ya daɗe da yin ritaya. A wani ƙauye cikin duwatsun kudancin jihar aka haife shi. Ya yi makarantar mishan, ya wuce kwalejin horon malamai, yana saurayi ya hau jirgin ƙasa ya zo Kaduna da akwatin ƙarfe ɗaya. Aka ba shi aji a wata firamare a Kakuri, lokacin masaƙu suna aiki ba dare ba rana. Yakan ce a zamanin jiniyar masaƙa ce agogon kowa: in ta yi ƙara, iyaye su kama hanyar aiki, yara su kama ta makaranta. A ajinsa akwai 'ya'yan Ibo da Yarabawa da Tibi da Hausawa da namu mutanen, kuma kafin zangon farko ya ƙare ya koyi gaisuwa da yaren kowane yaro. Har ya tsufa, in ya haɗu da baƙo, tambayarsa ta farko ita ce mutumin ina ne, sai ya gaishe shi da harshensa. Sau da yawa karin harshen ba ya fita daidai, mutumin ya yi dariya, daga nan hira ta ɓarke.

Dogo ne siriri, kullum rigarsa a goge, biro a aljihun gaba, lema a hannu ko da rani ne. Ba ya sauri, ba ya kuma makara. Matarsa, wadda muke kira Kaka, takan ce ita makaranta ta aura ba miji ba, don ko ana cin abinci sai ya gyara wa mutum magana. In ka ce “Gwari” a gabansa, sai ya ajiye cokali ya ce Gbagyi suke kiran kansu, kuma kowa da sunan da yake amsawa ake kiransa. In ka kawo masa labari da zafinsa, zai bar ka ka kai aya, sannan ya tambaye ka, “Gani ka yi, ko ji ka yi?” In ka ce ji ka yi, ya ce a bakin wa, shi kuma wannan a bakin wa. Kafin ka kai mutum na uku labarin ya mutu a hannunka. Gulmar unguwa da yawa a falonsa ta ƙare, kuma akwai matan da suka daina biyowa ta gidanmu in suna ɗauke da wani sabon zance.

Ni kuwa Uwargida yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Bulalar da ɗalibansa ke alfahari da ita ban taɓa ganinta ba, ya ajiye ta tun kafin a haife ni. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ya lura yaran da suka fi jin tsoronsa su ne ba sa ɗaga hannu, kuma a ƙarshen shekara su ne a baya. In na kawo masa aikin gida, ba ya gaya mini amsa. Zai zauna ya harɗe hannu ya ce in sake karanta tambayar da ƙarfi. In na karanta, ya ce in sake. Wani lokaci har hawaye nake yi don haushi, Kaka tana daga kicin tana ce masa ya bar yarinya ta huta, shi kuwa yana zaune kamar bai ji ba, sai na gano da kaina. Ranar da na samu shiga makarantar koyon aikin jinya, bai ce komai ba a gaban mutane. Washegari na ga ya goge takalmana ya jera a bakin ƙofa.

Alhajin da ya zo daga Tudun Wada ɗan tsohon maƙwabcinmu ne. Mahaifinsa tela ne, Malam muke ce masa, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Kullum da yamma shi da Baba Tsoho suna ƙofar shagon ɗinki, rediyo a tsakaninsu, suna jin labarai suna musu. Ba su taɓa yarda da juna a kan siyasa ba, ba su kuma taɓa fashin zaman ba. Malam ne ke ɗinka mana kayan Kirsimeti, da babbar Sallah kuma Kaka takan wanke babban kwano ta ajiye don naman da za a aiko.

Sai shekarun rikici suka zo, gari ya rabu biyu. Musulmi suka riƙa ƙaura zuwa arewacin kogi, Kirista suka riƙa dawowa kudu. Malam ya daɗe yana cewa ba inda za shi, a nan ya haifi 'ya'yansa. Amma da abin ya matso kusa, ya kwashi iyalinsa da keken ɗinkinsa ya tafi, ya bar wa Baba Tsoho makulli. Mun ga abin da ya sami gidajen da aka bari a lokacin. Wasu an ƙone, wasu an cire musu kwanon rufi da ƙofofi, wasu kuma a wayi gari a ga wani ya tare a ciki. Samari suka fara zagaya gidan Malam, suna leƙa ta katanga.

Baba Tsoho bai tsaya yi wa kowa wa'azi ba. Ya buɗe gidan, ya share zaure da babban ɗaki, ya shafa baƙin fenti a bango ya zama allo. Sannan ya bi gida-gida yana cewa ya buɗe aji ga duk yaron da lissafi ko karatu ke ba wahala. Makarantu a rufe suke, iyaye sun gaji da yara a gida, nan da nan ɗakin ya cika har zaure. Samarin da ke zagaya gidan, ƙannensu ne a zaune a ciki. Ɗaya daga cikinsu ya tare shi a hanya ya ce, “Baba, gidan waɗancan mutanen kake gadi?”

Ya ce, “Aji nake yi. In kana da saura a lissafi, akwai wuri a benci.”

Ko taga ba a taɓa ba. Malam dai bai dawo ba, ya ce zuciyarsa ba za ta ƙara kwanciya a unguwar ba, kuma Baba Tsoho bai matsa masa ba. Da ƙura ta lafa, sai Baba Tsoho ya riƙa hawa bas yana ƙetare gada, ya kai wa Malam gwaiba daga bishiyar tsakar gidan da ya bari in lokacinta ne, su zauna su ci gaba da musunsu daga inda suka tsaya. 'Yan uwa sun yi ta faɗa a kan tafiyar nan, ana cewa tsoho kamarsa ba shi da abin yi a can, ya ɗauki lemarsa ya fita. Daga baya Malam ya sayar da gidan ga wanda ya ga dama, a lokacin da ya ga dama. Da Malam ya rasu, Baba Tsoho ya je, ya tsaya a gefe har aka idar da salla, ya bi su maƙabarta. Alhajin ya gaya mini a wurin makoki cewa mahaifinsu ya bar musu magana, su sani suna da baffa a Sabon Tasha.

Tarihi kuwa tun yana aji yake sonsa, amma sai da ya yi ritaya ya ba shi dukan lokacinsa. Yakan ce littattafan da ya koyar da su sun cika da labarin gwamnoni da Turawa da gine-ginen arewacin kogi, babu wanda ya tambayi mutanen wannan ɓangaren yadda suka zo da abin da suka tarar. Ya sayi ƙaramar rakoda, ya shiga bin tsofaffi: ma'aikatan reluwe, ma'aikatan masaƙa, 'yan kasuwar da suka zo daga gabas, da Gbagyin da gari ya cinye gonakinsu. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Gbagyi a Mahuta da ta ce ba za ta yi magana da akwati ba. Bai yi mata musu ba. Ya mayar da rakodar jaka, ya zauna yana taya ta ɓare gyaɗa. Ya koma, ya sake komawa, har ta saba da shi. A kan tabarmar gyaɗar nan ta gaya masa inda gonakin danginta suke a da, da rafin da aka cike aka yi gidaje a kai, da inda suke binne matattunsu.

'Yan jami'a sukan zo wurinsa in suna rubutun kammala karatu. Ba ya fara magana sai sun ci abinci. In ya fara kuma, sai ya raba musu zancen: wannan da idona na gani, wannan wance ce ta gaya mini, wannan kuwa zato ne nawa, kada ku rubuta shi kamar gaskiya. Ko sunan Kaduna aka tambaye shi, zai ce Hausawa sun ce daga kada ne, Gbagyi sun ce daga harshensu ne, ya ji duka biyun a bakin dattawan da yake girmamawa, shi kuwa ba ya nan lokacin da aka raɗa. Wasu ɗaliban ba sa son haka, amsa ɗaya suke nema. Yakan ce musu su yi haƙuri, abin da yake da shi ke nan.

Kaset-kaset ɗin ba su kai yau ba. Wata damina rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo ba wanda ya lura, kafin a buɗe kwalin yawancinsu sun lalace. Kaka ta fi shi damuwa. Shi dai ya daɗe a tsugune yana juya su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙe ya ce masu maganar sun tafi, yanzu muryoyinsu ma sun bi su, abin da ya rage a kansa zai ci gaba da faɗa wa duk mai son ji. Haka kuwa ya yi. Duk makarantar da ta gayyace shi sai ya je.

Maganar tsohuwar nan ta Mahuta ce ta jawo rigima mafi girma da na sani a gidanmu. Cocinmu ya cika, aka yanke shawarar gina babban zauren taro a filin da ke bayansa. Mahaifina, wanda shi ne babban ɗan Baba Tsoho, shi aka naɗa shugaban kwamitin gini, kuma ya ba aikin nan ransa. Shekaru yana yawo a kansa, har an zana gini an fara haƙa harsashi. Sai jikokin tsohuwar suka zo, ita ta riga ta rasu, suka ce ƙarshen filin, wajen gindin ɗorawa, kaburburan kakanninsu ne. Kwamiti ya ce takardun fili cikakku ne, kuma babu alamar kabari a wurin. Magana ta kai gaban hakimi. Ɓangarorin biyu suka yarda a kira Baba Hedimasta. Mutanen coci sun yarda ne don suna ganin nasu ne, dattijonsu ne, uban shugaban kwamiti kuma.

Ana gobe za a zauna, mahaifina ya zo gidan da yamma. Ina tsakar gida ina wanki, ƙofar falo a buɗe. Na ji ya ce, “Baba, ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ce musu ka tsufa, ka manta.”

Baba Tsoho ya ce, “Ban manta ba.”

Mahaifina ya tuna masa wahalar da aka sha, da matan da suka yi ta ɗebo yashi da ka, da kunyar da zai ji a gaban jama'a. Baba Tsoho ya saurare shi har ƙarshe, ya ce duk ya sani, kuma yana jin zafin abin, amma in an tambaye shi zai faɗi abin da ya sani. Mahaifina ya tashi ya fita ko sallama bai yi wa Kaka ba.

A gaban hakimi Baba Tsoho ya faɗi cewa farkon zuwansa wannan yanki, wurin daji ne, kuma da idonsa ya ga duwatsu da tukwane a jere a gindin ɗorawar, ya kuma taɓa wucewa ana binne mutum a wurin. Sunayen waɗanda ke kwance kuwa a bakin tsohuwar ya ji, ya faɗe su kamar yadda ta faɗa masa. Ya ƙara da cewa takardun coci ma na gaskiya ne, wanda ya sayar da filin ko bai sani ba ko bai faɗa ba, shi ba zai iya yanke wannan ba. Aka yanke hukunci a bar wajen ɗorawar, a kewaye shi. Zauren ya ragu sosai, aka sake zane, aka cike ramin da aka haƙa. Mahaifina ya ajiye shugabancin kwamiti. Ran Lahadi a coci, bencin da Baba Tsoho ke zama ya zama fili, mutanen da suka yi shekaru suna zama kusa da shi suka koma wani layi. Ya zauna shi da Kaka, ya buɗe littafin waƙoƙinsa, ya yi waƙa da muryarsa kamar kullum.

Mahaifina ya daina zuwa gidan. Bai hana mu zuwa ba, amma shi ko ta titin ba ya bi. Kaka ta yi kuka, ta aika ƙannensa, ta aika fasto, bai sauko ba. Sai Baba Tsoho ya ɗauki wata hanya da ta ba kowa mamaki. Duk Lahadi bayan sujada ya hau bas zuwa Narayi, ya shiga gidan mahaifina, ya zauna a kujerar da ke gindin mangwaro. Ya gaisa da mahaifiyata, ya sha ruwa, ya tambayi karatun yara, ya ɗan zauna, sannan ya miƙe ya ce a gaida maigida. Maigidan kuwa yana cikin ɗaki, ƙofa a rufe, yana jin komai. Mahaifiyata kamar ƙasa ta tsage ta shige, uba ne ke zuwa gaida ɗa, maƙwabta suna kallo. Na taɓa raka shi bakin titi na ce masa ya daina wahalar da kansa. Ya ce maganar da ya faɗa ba zai janye ta ba, amma ya san aikin ɗansa ya rushe, kuma wanda aka rusa wa aiki yana da ikon yin fushi. Shi nasa shi ne ya zo.

Aka yi rani aka shiga damina ana haka. Wata Lahadi yana zaune hadari ya haɗu, ruwa ya sauko da ƙarfi. Ya buɗe lemarsa ya ci gaba da zama. Mahaifiyata ta roƙe shi ya shigo falo, ya ce ta bari, mai gidan bai ce ya shigo ba. Ruwa yana dukan ƙafafunsa, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Sai muka ji ƙarar sakata. Mahaifina ya fito daga shi sai singileti, ba takalmi, ya ratsa ruwan ya tsaya a gabansa.

Ya ce, “Baba, ka shigo. Za ka kamu da mura.”

Ya kama hannunsa suka shiga. Aka kawo tuwo suka ci a kwano ɗaya, suna maganar tsadar taki da lalacewar hanyar ƙauye. Ban taɓa jin sun sake tayar da zancen filin a tsakaninsu ba. Har yau mahaifina yana cewa da tsohon ya ja shi gefe tun kafin a zana gini, da ba a kai ga haka ba. Baba Tsoho kuma ya taɓa gaya mini ya faɗa a taron dattawa, ba wanda ya saurara. Ba na wurin, ban san yadda aka yi ba. Abin da na sani shi ne bayan rasuwar Kaka, mahaifina ne ya rufe gidansa na Narayi ya dawo Sabon Tasha da mahaifiyata, kuma shi ke yi wa tsohon aski da yankan farce har ƙarshe. Doyar da aka sauke ranar makoki kuwa daga jikokin tsohuwar ta fito.

Baba Tsoho ya haura tamanin da nisa kafin jikinsa ya fara ƙi. Ido ne ya fara tafiya, sannan ƙafa. Ya daina fita, sai rediyo da kujera. Hankalinsa dai bai gushe ba, sai dai yakan fara labari ya yi barci a tsakiya. An kai shi ƙauye an binne shi kusa da Kaka, kamar yadda ya nema.

'Yan makonni kafin rasuwarsa na je duba shi ranar da ba ni da aiki a asibiti, ya ce in nemo keke mai ƙafa uku, yana so a kai shi Kakuri. Mahaifiyata ta ce jikin nan ba na hawa keke ba ne, ya ce ai ba shi zai tuƙa ba. Muka sa masa rigar sanyi, muka ɗora shi. A hanya ba ya ganin komai sai inuwa, amma duk kwanar da muka sha ya san ta. Da muka zo wajen masaƙu ya tambaye ni me nake gani. Na ce katanga ce da ciyawa, da rufin da ya yi tsatsa. Ya gyaɗa kai.

Makarantarsa ta farko tana nan, an ƙara azuzuwa, an sake fenti, ba wanda ya san shi a ciki. Na ce bari in shiga ofis in gaya wa shugabar makarantar wanda ya zo, na san za su tara yara su yi masa waƙa. Ya riƙe mini wuyan hannu, ya ce in dai kai shi jikin tagar ajin da ke ƙarshe. Muka tsaya a inuwa, yana dogare da ni. A ciki wata matashiyar malama ce ke koyar da karatu. Ta sa wani yaro ya karanta, ya zo kan wata kalma ya cije. 'Yan ajin suka fara ihun amsa, ta tsawata musu, ta ce a bar shi. Ajin ya yi tsit. Yaron ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa, ta ce ya bi harafi-harafi, ba sauri ake yi ba. Can sai kalmar ta fito. Baba Tsoho ya karkata kai yana saurare, bakinsa yana motsi tare da na yaron.

Na raɗa masa cewa ko ita kaɗai in kira ta gaishe shi.

Ya ce, “A'a, Uwargida. Kada ki katse mata aji. Ta iya aikinta. Mu je gida.”

Muka koma keke, ya jingina da kafaɗata, kafin mu kai Sabon Tasha ya yi barci. Fitarsa ta ƙarshe ke nan.

Ubangiji ya karɓi bawansa, ya ba shi hutu bayan doguwar hidima. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma ba mu ƙarfin faɗin abin da muka sani in an tambaye mu.